An sa wa Inna pil a zuciya: me za mu kiyaye in mun koma Tawa?

Wata baiwar Allah ta rubuto tana cewa: "An sa wa mahaifiyata na'urar daidaita bugun zuciya a Yamai, yau kwana huɗu. Shekarunta 64, tana da hawan jini. An sallame mu, muna gidan ƙanenta, ita kuma ta matsa sai mun koma Tawa. Mace ce da ba ta iya zama haka nan. Dangi kowa da abin da yake faɗi, wai kada ta riƙe salula, kada ta kusanci firji, wai in an yi tsawa abin zai tashi. Me ya kamata mu kiyaye?"

Ƙanwata, sannu da jinya. Allah ya ba Inna lafiya mai ɗorewa, ke kuma ya saka miki da alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon zuciya a nan Yamai, kuma zan gaya miki abin da muke gaya wa iyalan matan da muke sallama. In wani abu cikin maganata ya saɓa da abin da likitan da ya yi aikin ya ce, nasa za ki bi, don shi ya ga cikin raunin.

Firji da tsawa ba su ne ke mayar da mata gadon asibiti ba. Abin da ke mayar da su abu biyu ne: aikin da suke yi da kafaɗa, da hannun mutanen da ke taɓa raunin da niyyar taimako. A kan waɗannan biyun nake so hankalinki ya tsaya.

Ki fara sanin abin da ke jikinta. Pil ɗin, wato na'urar daidaita bugun zuciyar, ƙarami ne, faɗinsa kamar santimita 5, nauyinsa giram 20 zuwa 30. An yi masa aljihu a ƙarƙashin fata, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya, yawanci a hagu. Daga jikinsa waya ɗaya ko biyu ta bi ta cikin jijiyar jini har cikin zuciya, kuma ta wannan waya yake aika ɗan motsin lantarki duk lokacin da zuciya ta yi jinkirin bugawa. Bakin wayar an maƙala shi a naman zuciya, amma a kwanakin farko riƙon ba shi da ƙarfi. Kamar dashen albasa ne: ranar da aka dasa, ja kaɗan ya tumɓuke shi, in ya kama ƙasa kuwa sai da ƙarfi. Jiki yana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin nama ya kewaye bakin wayar ya riƙe shi. In wayar ta goce kafin nan, jirin da faɗuwar da suka kawo ku Yamai za su iya dawowa, kuma gyaransa sai an sake shiga ɗakin tiyata.

Shi ya sa a cikin waɗannan makonni gwiwar hannun ɓangaren da aka yi aikin ba za ta wuce kafaɗa ba, ba za a miƙa hannun can baya ba, kuma ba za ta ɗauki abin da ya wuce kilo 5 ba. Kilo 5 lita 5 ne na ruwa, ko kusan tiya biyu ta hatsi. Buta ba komai. Bokiti cike, bido, tukunyar tuwo, jaririn da ya yi wata uku ko huɗu, duk sun wuce.

A takardar asibiti wannan layi biyu ne, amma a gidan mace Bahaushiya kusan yinin ne gaba ɗaya. Daka da sussuka da kirɓin fura babu su, ko da hannun dama ne ƙarfinta, don taɓarya hannu biyu take ci, kuma duk saukarta sai ƙirji ya girgiza. Jan guga babu. Ɗora kaya a kai da sauke shi babu, don hannuwa biyu ke tashi sama. Tuƙin tuwo, matse wanki, shanya a igiya, ɗaura gidan sauro, sauko da kwano daga saman kanta, jan akuya da ta ƙi tafiya, duk wani ya yi. Goyo shi ne wanda kakanni suka fi karya doka a kansa. Jika ya yi kuka, kafin a ankara ta sunkuya ta cilla shi baya ta ɗaure zane a daidai kan raunin. A goyo abu uku ne ke haɗuwa, nauyi da miƙa hannu baya da matsi a ƙirji. Ta zauna, a ɗora mata yaron a cinya ta rarrashe shi.

Akwai kuma waɗanda ba a kawo su a rai. In tana zaune a tabarma za ta tashi, dafa ƙasa za ta yi da hannu ta tura dukan nauyinta, don haka ku ba ta kujera mai ɗan tsayi, gadon ma kada ya zama katifa a ƙasa. In za ku taimaka mata ta miƙe, kada a ja ta da hannun hagu, kada a ɗago ta ta hammata, a riƙe ta a kugu ko a hannun dama. Kabu-kabu da amalanke su jira. Kwanciya ta yi rigingine ko a kan dama. Tsarki da hannun hagu ba laifi, hannun yana ƙasa.

Sallah za ta dame ta fiye da komai, na sani. Ɗaga hannu daidai kafaɗa wajen kabbara bai wuce iyaka ba. Inda matsalar take shi ne sujada da tasowa daga ita, inda ake dogara da tafin hannu. A makonnin farko ta yi sallarta a kan kujera, addini ya ba marar lafiya wannan sauƙin, kuma in daga bakin malaminta ta ji, hankalinta zai fi kwanciya. Wajen shafar kai a alwala ta sunkuyar da kan, hannun dama ya yi yawancin aikin.

Kin ce ba ta iya zama haka nan. To kalmar "ki huta" ba za ta yi aiki a kanta ba, ranar da kuka fita kasuwa za ku dawo ku tarar ta share tsakar gida. Abin da na ga yana aiki shi ne a ba ta aikin zaune: tsintar shinkafa, gyaran zogale, yankan kuɓewa, ɓarar gyaɗa, damun fura da ludayi a hannun dama. Sannan kowane aiki mai nauyi a ɗora shi a wuyan mutum guda da sunansa, wance ruwa, wance daka, wane itace, don in aka bar shi a "za a yi", ita ce za ta yi. Ki kuma tuna da kawaicin iyayenmu. In kin ce "ya jiki?" za ta ce da sauƙi ko da ba ta runtsa ba. Ki tambaye ta abu ɗaya ɗaya, ke da ita kawai, ba a gaban surukai ba: kin ji jiri da kika tashi? Wurin yana zafi fiye da jiya? Numfashi ya ishe ki da kika je bayi?

Wasu iyalai kuma tsoro ke sa su wuce gona da iri, su ɗaure hannun a ƙirji da gyale mako da makonni. Wannan ma cuta ce. Kafaɗar da ba ta motsi tana sandarewa, mata da masu ciwon suga sun fi kamuwa, kuma warwarewarta kan ɗauki watanni. In an ba ta maɗaurin hannu a asibiti, na yini ɗaya ko biyun farko ne. Kullum ta motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu, ta sake hannun ya yi lilo a hankali, ta ɗaga shi gaba har daidai kafaɗa ta sauke. Ta ci abinci da kanta, ta yi tafiya a tsakar gida da safe da kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi, ana ƙarawa kaɗan kaɗan.

Sutura abu ne da likitoci maza ba su cika tunawa da shi ba. Riga mai faɗin wuya ko mai buɗewa ta gaba ta fi, kuma hannun hagu ake fara sawa, shi ake cirewa a ƙarshe. Dogon hijabi wani ya zura mata, kallabi wani ya ɗaura mata. Kitso da tsifa ba da hannunta ba. Ɗaurin ƙirji a sassauta shi ko a sauko da shi ƙasa da raunin. Igiyar rigar mama takan bi daidai kan wurin, sai a sa auduga ko tsumma mai laushi mai tsabta a ƙarƙashinta. Mace mai cikar ƙirji kada ta bar rigar mama gaba ɗaya, don nauyin yana jan ɗinkin ƙasa, ta nemi mai laushi marar ƙarfe mai faɗin igiya. Mace siririya kuwa za ta ga tudun pil ɗin a fili, ba ciwo ba ne.

Yanzu raunin, kuma a nan nake roƙonki ki yi tsayin daka ko da za a ce kin cika tsanani. Ƙwayar cuta in ta shiga aljihun nan takan manne a jikin ƙarfen, ta bi waya ta nufi zuciya. Maganin sha shi kaɗai yawanci ba ya kashe ta, sai an ciro pil ɗin da wayoyinsa duka, a yi jinya, a sake sa wani. Kin san abin da na farkon ya ci muku. Don haka babu abin da zai hau wurin sai abin da asibiti ta sa: ba man kaɗanya, ba man zafi, ba toka, ba garin magani, ba zuma, ba turare, ba hoda. In an kawo rubutu ko tofi, kada a shafa a raunin. Ƴan dubiya su yi addu'a daga inda suke zaune, ba sai an buɗe musu sun gani ba. Duk mai taɓa bandejin ya wanke hannu da sabulu tukun.

Ruwa kada ya taɓa wurin har sai an duba an ce ya haɗe, yawanci kwana 7 zuwa 10, lokacin da ake cire zare in ba mai narkewa ba ne. Wanka ta zuba ruwa daga ƙasan ƙirji, sama kuma a goge da tsumma. Kada a kwara daga kai. Zafin garinmu, wanda a watan Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40, yana jiƙa bandeji da gumi, kuma jiƙaƙƙen bandeji ba a barinsa, a je CSI, wato ƙaramin asibiti, a canja. Ta sha ruwa isasshe, sai in likita ya ƙayyade mata saboda kumburi.

Ɗan kumburi da tabon jini a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma in kumburin yana ƙaruwa, ya yi tauri, jini ne ya taru, kuma an fi ganin haka ga masu shan maganin tsinka jini. Kada wanzami ya sa ƙaho, kada a tsaga, kada ma wani ma'aikacin lafiya ya soka allura ya zuƙe. Allurar nan ita ke shigar da cutar da muke gudu. Sai likitan zuciya ya gani. Ki kuma hana Inna wasa da tudun da yatsa, akwai masu juya shi cikin fata ba su sani ba har wayar ta nannaɗe ta janye daga zuciya.

Takardun da ake bugawa a Turai suna cewa a duba ko wurin ya yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Ki duba da hasken rana: fatar ta yi sheƙi? Ta fi ta ɗaya gefen duhu? Ki sa bayan hannunki kusa da wurin, sannan a ɗaya ɓangaren, ki ji ko zafinsu ɗaya. Ki ɗauki hoto da salula duk safiya, canjin da ido ya saba da shi hoto yana nuna shi. Ruwa ko mugunya, bakin rauni da ya buɗe, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, duk na tafiya asibiti ne a ranar. Wannan dubawa ba ta ƙarewa da mako shida: ko bayan shekaru, in fatar kan pil ɗin ta yi siriri ko ƙarfe ya leƙo, a tafi. In tabon ya yi tudu ya kumbura, kamar yadda yake yi wa wasunmu, a nuna wa likita, kada a yanke a gida, kuma man bilicin kada ya kusanci wurin don yana cinye kaurin fata.

Zazzaɓi a wurinmu kowa sauro yake zargi. Ga mai sabon pil, zafin jiki da ya kai digiri 38, ko rawar sanyi, a yi gwajin jini a ranar, a kuma gaya wa mai dubawa cewa an sa mata pil. In gwajin bai nuna na sauro ba, ko an sha magani zazzaɓin bai sauka ba, a kira sashen da aka yi aikin. Kada a sayi kafso wajen masu tallar magani, yana rufe alamun ne cutar tana ci a ciki. Don ciwo, paracetamol ya isa, kada ya wuce giram 3 a yini sai da izinin likita. Ibuprofen da diclofenac da aspirin suna ƙara zubar jini, ba a sha sai wanda ke cikin takardar maganinta.

Waɗanda ba a jira gari ya waye a kansu su ne suma ko jiri mai tsanani, ciwon ƙirji, numfashi da ya ƙi isa, kumburin hannun gaba ɗaya, da shaƙuwa da ta ƙi tsayawa ko naman ciki da ke zillo daidai da bugun zuciya, don wannan kan nuna wayar ta goce. A nufi babban asibitin Tawa nan take, a yi mata gwajin zuciya na takarda, su yi magana da Yamai. Ki koyi ƙirga bugun a wuyan hannunta minti ɗaya cur. Ki tambayi likita adadin da aka saita pil ɗin, sau da yawa 60 ne. In kin ƙirga sau biyu kin samu ƙasa da wannan adadi sosai, ki kira.

Maganar lantarki gajeriya ce. Pil ɗin da batirinsa yake aiki, ɗaukewar wuta ba ta shafe shi ba, tsawa ma haka. Firji, talabijin, fanka, dutsen guga, keken ɗinki, farantin sola, duk ta yi amfani da su, sai dai a gyara duk wanda ke jan mutum. Salula ta riƙe abinta, amma a kunnen dama, kuma tsakaninta da pil ɗin a samu santimita 15, wato kusan taƙi guda. Abin da za ta daina shi ne cusa ta cikin rigar mama ko a ɗaurin ƙirji. Maganaɗisu ne abin kiyayewa, kuma yana ɓoye a inda mata ba su zato: ƴan maƙallan hijabi na zamani masu mannewa, marufin jakar hannu, lasifikar ƙaramar rediyon wa'azi da tsofaffi ke ɗorawa a ƙirji su yi barci. Kada ta jingina da injin niƙa ko injin wuta yana aiki, ta yi nesa da masu walda, kuma injinan tausa masu sa lantarki a jiki ba nata ba ne. In ta kusanci wani abu ta ji jiri ko faɗuwar gaba, ta matsa, pil ɗin yana komawa daidai da kansa. Duk inda za a yi mata aiki, ko haƙori ne, ko hoton MRI, ko gwajin nono, ta faɗa tun a bakin ƙofa.

Pil bai warkar da hawan jini ba, jinkirin bugu kawai ya gyara. Maganinta na kullum yana nan, kuma a rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Azumi a tambayi likita saboda lokutan shan magani.

Ga ƴan uwa mata masu ƙuruciya da ke karanta wannan, don ba tsofaffi kaɗai ake sa wa ba: pil ba ya hana aure, ba ya hana ciki, ba ya hana shayarwa. Mai shayarwa ta ɗora jaririn a kan matashi, wani ya miƙo mata shi. Kwanciyar aure ana komawa in raunin ya haɗe kuma jiki ya yarda, ba tare da dogara a hannun ba. Mai niyyar ciki ta fara shawara da likitan zuciya, mai jego kuma ta bar wankan tafasasshen ruwa da kunun kanwa.

Ki lura da ranta ma. Da yawa cikin iyayenmu in sun ji an sa musu ƙarfe a zuciya sai su ɗauka sallama ce, su fara rabon kaya, su daina fita. Ki gaya mata mutumin farko da aka dasa wa irin wannan na'ura a cikin jiki, Arne Larsson, a ƙasar Suwidin aka yi masa a 1958, kuma ya rayu har 2001, ya rasu yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi. In makonnin nan sun wuce likita ya duba ya ce wayar ta zauna, Inna ta koma girkinta da kasuwarta da biki da suna, har Makka in Allah ya kira ta. A filin jirgi ta nuna katinta, kada a tsayar da sandar bincike a kan ƙirjinta. Ku kuma a lokacin ku sakar mata aikinta, kada ku mayar da ita marar lafiya ta dindindin.

Batun komawa Tawa, shawarata ku ƙara haƙuri a gidan kawunki har a yi dubawar farko a cire zare. Hanyar kusan kilomita 550 ce, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma yawancin matsalolin farko a kwanakin nan suke fitowa. Gara su same ku a Yamai. In kun tashi tafiya, ta zauna inda ba za a matse mata kafaɗar hagu ba, kada ta kama ƙarfen sama wajen hawa, kada ta ɗauki jaka, a sa ɗan matashi tsakanin bel da raunin, kuma duk inda aka tsaya ta sauka ta taka.

Kafin ku bar Yamai ki tabbatar katin pil ɗin yana hannunku. A jikinsa akwai sunan kamfanin da lambar na'urar da ranar da aka sa. Kowane kamfani, ko Medtronic ne ko Biotronik ko Abbott ko Boston Scientific, da irin injin da ke karanta nasa, don haka ki tambaya a ina ake da na irin nata, kuma ko akwai lokacin da ake iya duba ta a Tawa. Ki ɗauki hoton katin a salula biyu, asalin kuma ya zauna a jakarta. Dubawa ta gaba takan zo cikin wata ɗaya zuwa uku, daga nan duk wata 6 ko shekara, ko da tana jin garau, don a nan ake ganin ƙarfin batirin. Yakan yi shekara 7 zuwa 10, wani ya fi haka, kuma ba ya mutuwa farat ɗaya, injin yana nunawa da watanni kafin lokacin, sai a canja pil ɗin a bar wayoyin in suna lafiya. Ki sa a rubuta miki ranar randebu a karne, ku fara ajiye kuɗin motar tun yanzu, ki kuma karɓi lambar sashen da za ki iya kira ko aika hoton raunin daga Tawa, ki gwada kiran sau ɗaya tun kuna Yamai don ki tabbatar tana shiga.